Jirgin da Aka Ɗaure da Dutse

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu a Jidda bai mallaki gado ba. Ba rashi ne ya hana shi ba, domin maƙwabtanmu a unguwar Nuzla da ba su kai shi samu ba sun yi gadaje har da kabad. Shi dai katifar auduga ce a kan tabarma, da safe a naɗe ta a jingine da bango. In aka yi masa maganar gado sai ya ce, "Mi za mu yi da gado, mu da za mu tashi bayan Hajji?" Da wannan "bayan Hajji" aka yaye ni, da ita na shiga makaranta, kuma ina jin ta har gemu ya fito min.

A bakin ƙofar ɗakinsa akwai wani shuɗin akwatin ƙarfe, ɗaure tam da igiyar jirgi. Tsarabar mutanen gida ce a ciki: carbi, kwalli, zobba, turare, yaduka. Ba a zama a kansa, ba a ɗora masa ko da kwanon sha. Bagobiri ne mahaifina. Ya baro ƙauyensu yana matashi, shi da mahaifiyata tana amarya, da niyyar su sauke farali su koma. Shekara huɗu suka yi a hanya suna ƙodago a gonakin mutane, sannan suka ƙetare Bahar Maliya a cikin sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska. Jirgin yana yoyo tun daga gaɓa, shi kuwa ya yage rawaninsa yana cusawa a tsakanin katakai har suka iso. Mai jirgin ya ga hannunsa, ya riƙe shi aiki, daga baya ya zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma. Ta haka manomi ya koma mai toshe jirage, yana cusa auduga da man kifi a duk inda ruwa zai samu kafa. Warin man kifin nan shi ne warin gidanmu, ko sabulu ya gaji da shi.

Mahaifiyata ta rasu ina shekara goma sha bakwai. Aka kai ta maƙabartar da ke kudu da unguwarmu, inda ba a rubuta sunan kowa, sai dai a ajiye dutse a wajen kai. Yayata ta yi aure ta koma unguwar Mahjar, gidan ya rage ni da shi. Kowace Juma'a bayan sallar asuba sai ya ɗauki sandarsa ya tafi maƙabarta da ƙafa. Na raka shi na wasu watanni, daga nan na daina.

Ni kuwa Allah bai yi ni da zama wuri ɗaya ba. A Nuzla aka haife ni, amma fasfona na Nijar ne, ƙasar da ban taɓa takawa ba, iƙamata kuma, wato takardar izinin zama, kowace shekara sai an je an roƙa an sabunta. A titi ni baƙo ne. A wurin sababbin zuwa daga gida kuma ni ɗan Larabawa ne mai karyayyar Hausa, in na yi magana su ƙyafta wa juna ido. Wannan abu ya ci min rai ƙwarai. Cikin shekara shida na yi aiki biyar na bari, ba don an kore ni ba, sai don in na yi wata uku a wuri sai in ji bangon yana matso ni. A ƙarshe na samu aiki a tashar jiragen ruwa, ina gyaran injinan ɗaga kaya. Ba wurin da ya fi wannan muni ga mai hali irin nawa. Kullum ina saman inji da sifana a hannu, ina kallon jirage suna juya baya suna ficewa, ni kuma in sauko in hau bas in koma Nuzla.

Buri ɗaya gare ni: in ɗauki tsohon nan in kai shi gida, ya ga danginsa da suka rage, ni kuma in buɗe garejina a Maraɗi, in zauna inda ba mai tambayata takarda. Ba zan iya tafiya in bar shi ba, shi kuma ya ƙi motsawa. Sana'arsa ma ta mutu a lokacin. An cike gaɓar da yake aiki da ƙasa an shimfiɗa titi, jiragen roba sun kori na katako. Gwiwoyinsa sun kumbura, likita ya ce ciwon suga ne. Na san in bai tafi da ƙafarsa a wannan tsakanin ba, to ba zai ƙara iya tafiya ba.

A farkon shekarun tamanin, kamfaninmu ya zaɓi mu huɗu za a tura ƙasar Norway mu koyi sababbin injinan da aka sayo, na mako uku. Kafin in tashi na gama komai a ɓoye. Na je wurin kafilinsa ya sa hannu, aka buga masa bizar fita ta dindindin, wadda in ta yi wata biyu ba a fita ba ta lalace. Na saya mana tikiti. Na kawo takardun na ajiye a gabansa.

Ya dube su ya ce, "To. Bayan Hajji."

Na ce, "Baba, yau kwana goma da saukowa daga Arfa. Bayan Hajjin ke nan, halas, magana ta ƙare."

Ya ce, "Tahi ka dawo tukun."

Norway ruwan sama ne da sanyi da mutane masu magana ƙasa-ƙasa. Wanda yake koya mana aiki wani dattijon injiniya ne, dogo, mai shan lofe. Ran Lahadi ta biyu ya ce zai kai mu mu ga jiragen kakanninsa. Abokaina suka ce su kasuwa za su. Ni na bi shi, don na gaji da zagaye ɗakin otal.

Wani farin gini ne mai rufin baka, shiru kamar masallaci tsakanin azahar da la'asar. Muna shiga na ga jirgin a tsakiya, baƙi wuluk, dogo, ga wuyansa ya miƙe sama ya nannaɗe kamar wutsiyar kunama. Na taso cikin jirage, amma ban taɓa ganin katako ya yi kyau haka ba. Mutane suna tsaye daga nesa suna ɗaukar hoto, ni kuwa ɗan mai toshe jirage sai na durƙusa na kai fuskata jikin haƙarƙarinsa, har wata ma'aikaciya ta zo ta ce kada in taɓa. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Jiragen mahaifina ana haɗa katakansu baki da baki. Wannan kuwa kowane katako ya hau kan ɗan'uwansa, aka ɗinke su da ƙusoshin ƙarfe. Da guntun Turancina na tashar jirage na tambayi injiniyan da me suke toshe tsakani. Ya cire lofensa ya dube ni. Ya ce ya sha kawo baƙi nan, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya ce da gashin dabbobi ne da kwaltar itace.

Daga nan ya shiga ba ni labari. Kakanninsa mutanen teku ne, da irin waɗannan jirage suka riƙa yaƙi da fatauci har ƙasashe masu nisa. Wannan jirgin ya haura shekara dubu. Ba daga ruwa aka ciro shi ba, daga ƙarƙashin wani tudu aka tono shi a gonar wani manomi, yumɓu ne ya hana shi ruɓewa. Wata babbar mace ce ta mutu, aka jawo jirgin tudu, aka sa ta a ciki da dawakai da amalanke da tukwane da gadaje, aka rufe da ƙasa. Ya nuna min kayan a cikin gilasai, na bi su da ido sama-sama. Sai ya ƙara wani abu. Ya ce an juya goshin jirgin yana kallon teku, amma da aka tono shi an tarar an ɗaure shi da igiya a jikin wani ƙaton dutse, a can cikin kabarin.

Na ce, don me?

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ba wanda ya sani, wataƙila don kada ya tafi.

Ban san lokacin da na fice waje ba. Na yi ta kai-kawo a cikin yayyafi. Jirgi irin wannan, da aka sassaƙa don ya keta ruwa, a cika shi da kayan tafiya, a nuna masa hanya, sannan a ɗaure shi a binne! Akwatin nan shuɗi kawai nake gani. Na koma ciki na sayi katin hoton jirgin guda biyu, na ce a raina na samu abin da zan tayar da tsoho da shi. Sauran kwanakin ban san abin da aka koya mana ba.

Na iso Jidda ran Laraba, saura kwana ashirin da 'yan kai bizar ta lalace. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, rediyonsa a gefe. Muka gaisa, ya tambayi hanya, na miƙa masa katin. Ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya juya shi ta gefe. Sai na ga yatsansa yana bin layin katakan ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Kai! Wanga masassaƙi ya san aiki. Ɗora su ya yi, bai gama bakinsu ba. Da mi sunka toshe?"

Na ce da gashi da kwalta.

"Gashi! Ai kuwa ya hi auduga, ba shi ruɓewa da wuri." Ya yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani a fuskarsa ba. "Wace gaɓa anka aje shi?"

Na ce ba a gaɓa yake ba. Na ba shi labarin tudun, da matar, da dawakai, da gadaje.

"Har da gado?"

"Har da gado, Baba. A ƙarƙashin ƙasa ya yi shekara dubu."

Sai ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce, "To ai ba jirgin ruwa ka gano ba. Jirgin ƙasa ke nan!" Ya ƙwala wa maƙwabcinmu mai shago kira ya zo ya ga jirgin ƙasan Turawa da ba ya bin dogo. Suka yi ta dariya su biyu.

Ni kuwa dariyar nan ta ƙona ni. Na yi mako guda ina shirya maganata, ga shi ya mayar da ita abin raha. Na jira mai shago ya koma, sannan na ce masa akwai saura. Na ba shi labarin igiyar da dutsen. Da na tsaya a nan da ya fi min, amma bakina ya riga ya ɓalle.

Na ce, "Kai ne jirgin nan, Baba. An cika ka da kaya, an nuna maka teku, ka zauna kana ruɓewa a Nuzla. Shekara talatin bayan Hajji, bayan Hajji! Wallahi na gaji. Kai ba ka tafi ba, ni ba ka bar ni na tafi ba. Su dai an san da dutse aka ɗaure nasu. Kai da me aka ɗaure ka?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya sa katin a aljihun gaban rigarsa, ya kashe rediyo, ya dafa bango ya miƙe ya shiga ciki. Washegari ban iya haɗa ido da shi ba. Na fita tun da sassafe, na yi ta yawo a bakin teku bayan an tashi aiki, ina jin kunya ina kuma jin ni ke da gaskiya.

Ran Juma'a da muka fito daga sallar asuba ya miƙo min hannu ya ce, "Riƙa ni." Muka kama hanyar maƙabarta. Tafiyar da a da yake yi cikin minti ashirin ta ɗauke mu kusan awa guda, yana tsayawa yana hutawa a jikin motocin mutane. Rana ta fito kafin mu isa. Wurin ya cika ya ninka yadda na san shi, duwatsu ne jere iri ɗaya har bango. Da ni kaɗai ne da ban gane komai ba. Shi kuwa ya ratsa tsakaninsu bai ko duba ƙasa ba, ya tsaya a gaban wani ɗan dutse mai tsaga a gefe. Ya yi sallama, ya yi addu'a, na shafa tare da shi.

Sannan ya nuna dutsen da sandarsa ya ce, "Ka tambaye ni. Ga shi nan."

Na dubi dutsen.

Ya ce, "Da hwarko guzuri muka rasa. Daga baya anka haihe ku, munka ce ku yi ƙwari. Ita ta hi ni son komawa, ita ta sayi rabin abin da ke cikin akwatin nan. Da ciwo ya ci ƙarfinta ta riƙe hannuna ta ce, kar ka bar ni ni ɗaya ƙasar mutane. Ni na ɗauko ta daga gidan ubanta. In koma in ce musu mi? Ga kwalli, ita kuwa na baro ta?"

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa min ba? Me ya sa kullum bayan Hajji?"

Ya daɗe yana kallon dutsen. Ya ce, "Tsoro na ji. In na ce ba ni zuwa, sai ka tahi. Na zalunce ka, ka yahe mani."

Na zo da shirin a ba ni haƙuri tun shekaru, amma da aka ba ni sai na rasa inda zan sa kaina. Kuka na yi, kuka sosai, a tsaye, da ranar safiya a kaina, ina namiji ɗan shekara ashirin da shida. Shekara tara yana zuwa wurin nan kowane mako, ni ina gida ina barci, ban taɓa tambayar kaina abin da yake kai shi ba.

Da muka koma gida ya zauna a gaban akwatin. Ƙullin igiyar ya ƙi kwantuwa, ya riga ya zama ɗaya da kansa. Na kawo wuƙa, ya ce a'a, igiya mai kyau ba a yanka ta. Ya yi ta fama da farce da tsinken aikinsa har ta saki. Bai buɗe murfin ba. Ya tura min akwatin da ƙafa ya ce, "Kai ba a ɗaure ka da komi ba. Ɗauki ka kai musu, duk wanda ka iske da rai ka ba shi. Yayarka tana nan, ba ni mutuwa da yunwa." Ya naɗe igiyar a hannunsa, sannan ya ce, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, "Kahin ka tahi ka sawo mani gado. Gwiwar nan ta gaji da tashi daga ƙasa."

Na je wurin kafilinsa aka soke bizar. Nawa tikitin ya zauna a aljihuna har ya yi laushi. Kullum in na hau saman inji na ga jirgi yana fita sai in ce mako mai zuwa, in na sauko kuma sai in tuna wa zai riƙa masa hannu ran Juma'a. Hanyar a buɗe take, ba mai tsare ni, amma ban tafi ba. Ba zan ce na yi haka da farin ciki ba. Na yi shi ina ƙunci, ina ƙorafi, wani lokaci ina jin haushinsa har cikin raina.

Gadon kuwa na sayo shi ran Asabar, na katako, don na san ba zai yarda da na ƙarfe ba. Ya bi shi da hannu yana duba mahaɗansa, ya ce masassaƙin rago ne amma zai yi. Na jawo shi jikin bangon da ya fi inuwa. Ya ce in dakata.

"Ka ce nasu goshinsa ina ya kalla?"

Na ce teku.

Ya nuna ƙaramar tagar yamma, wadda ba a ganin komai ta cikinta sai tankin ruwan maƙwabta. Bayan tankin akwai gidaje, bayan gidaje akwai titi, bayan titi akwai tekun da ya ƙetaro. Ya ce, "Juya mani shi haka." Na juya. Ya hau ya kwanta, ya sa katin jirgin a jikin tagar, ya ce ashe abin da daɗi.

Shekara biyu ya yi a kan gadon nan. Yanzu duwatsu biyu nake da su a maƙabartar, ba kusa da juna ba, amma ina gane kowanne ba tare da na duba ƙasa ba. Na yi aure, na koma unguwar Aziziyya, na canza aiki sau huɗu bayan haka, har yau in na ji ƙahon jirgi sai ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Akwatin yana bakin ƙofar ɗakina, na mayar masa da igiyarsa. Kwanan baya ƙaramar 'yata, wadda take jin Hausa amma ba ta mayarwa, tana shara ta yi tuntuɓe da shi. Ta tambaye ni da Larabci yaushe ne dai za a kai wa masu kayan nan kayansu.

Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ji na ce, "Bayan Hajji."